Irin Da Na Zuba Ƙarƙashin Daɓe

Shekara uku ke nan Chaak, abin bautarmu mai saukar da ruwan sama, bai waiwaye mu ba. Kowace safiya nakan tsaya a dandamalin gidanmu na dutse in duba hayaƙin murhu a gangare. Da ina yarinya, gida arba'in ke kewaye da namu, duk manoman mahaifina. A ranar da nake ba ku labari, hayaƙi biyu na hango. Duk mai tashi sai ya fasa dutsen niƙansa a tsakar ɗaki, don gidan ya mutu, ya daina kiran mai shi. Har mun saba da ƙarar, kamar kukan talotalo.

Mijina Mo Tun ɗan gangare ne. Na aure shi saboda wata dariya da ya yi mini yana jera duwatsun tare ƙasa a gonarmu, kuma har yau ban yi nadama ba. Shi ya ɓoye tulu guda na irin masara, ya liƙe bakinsa da kakin zuma. Mutanen bakin kogi, tafiyar kwana tara daga nan, suna ba baƙo gona in ya zo da irinsa. In ya zo hannu rabbana, sai dakon gishiri har ƙashin bayansa ya lanƙwashe.

"Inna, ku shirya, yau za mu kama hanya," ya ce wa mahaifiyata.

"In je ina? Iyayen gidan nan huɗu suna kwance ƙarƙashin ƙafata. Ku 'yan gangare ai ko kare kuka binne sai ku manta wurin."

"Karenmu ma ya riga mu tafiya, Inna. Ya fi mu wayo."

Ta harare shi, amma na ga bakinta ya motsa.

Ni ban yi dariya ba. Ba iyayen gida kaɗai ke ƙarƙashin daɓen ba. 'Yata Nik tana nan a binne, kusa da shimfiɗata, cikin kwanon ƙasa biyu da aka kifa wa juna. Shekararta biyu. Mun bar 'yar kafa a daɓen inda ake zuba mata kunu. Masarar ci ta ƙare wata biyar da suka wuce, muka koma kan saiwa da 'ya'yan itacen daji. To amma da masara aka halicce mu, kuma ita kaɗai ke isa wurin matattu. Yaya uwa za ta taka daɓe alhali 'yarta na jin yunwa a ƙasa?

Mo Tun ya fito da tulun daga rumbun ƙasa, ya ɗaura igiyar dako a goshi. Yana cicciɓa shi ya tsaya cak. Ya girgiza, ya kasa kunne. Masara ba haka take kuka ba.

Ya ɓamɓare kakin, ya juye tulun a tsakar gida. Tsakuwa ce ta zubo, fara tas, irin ta gindin tafkinmu da ya ƙafe.

"Ni ce," Inna ta ce da sauri. "Maigidana da ke kwance a ƙasa na jin yunwa, na ba shi. Sai me?"

"Inna, ku da ba ku iya sauka rumbun ƙasa ba?" in ji Mo Tun.

Ya juyo gare ni. Wayyo, da ma zagina ya yi!

"Yashun?" ya kira sunana.

"Tafi ɗaya na fara ɗiba," na ce. "Na ce daga shi ba ƙari. Washegari sai na ji kamar tana kirana."

"Kin niƙa gonarmu ta baɗi."

"Ita ma tamu ce, Mo Tun."

"Tamu ce. Ni na haƙa ramin. Amma ta mutu, 'yar gidan dutse. Mu ne muka rage."

Ya durƙusa yana tona tsakuwar da yatsa, kamar mai neman allura. Ƙwaya goma sha ɗaya ya tsinta. Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannunsa, sannan ya buɗe nawa ya zuba.

"Wannan ba ta isa gona ba. Ki ba ta."

"Zan bi ka. Ni ma zan ɗauki gishirin."

"Ki bar Inna ga wa? Ki bar Nik ga wa? Kwana ɗaya za mu yi ki juyo da gudu, na san ki."



Ya shiga ɗakinmu, ya ɗaga dutsen niƙa sama har jijiyar wuyansa ta tashi. Na rufe ido ina jiran ƙarar. Shiru. Da na buɗe, ya mayar da shi mazauninsa a hankali.

"Bari gidan ya yi ta kirana," ya ce.

Ya sauka matakala da igiyar dako a goshi, babu kaya a bayansa. Na bi shi da ido har ƙurar busassun gonaki ta haɗiye shi.

Kowace safiya na niƙa ƙwaya ɗaya, na dama da ɗan ruwa, na ɗiga a kafar. Yau kwana na goma sha biyu, babu ƙwayar da ta rage. Gangare babu hayaƙi ko ɗaya. Na durƙusa a bakin kafar, na kifa bakina a kai, na ce, "Nik, Babanki ya tafi kawo miki." Inna tana jina daga ƙofa.