Ruwa Mai Launin Shayi

Ruwan cikin kwalbar kore ne shar da farko, sannan a hankali ya rine ya koma launin shayin da ba a sa wa madara ba. Auta ta san abin da hakan ke nufi. Ganyen da ta tafasa ta tace ya haɗu da sinadarin ƙarfe, sun haifi wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani. Su take ɗigawa a kan ƙwayoyin halittar ƙashi da take kiwo a farantin gilashi, in ta leƙa ta na'ura sai ta ga sun murmure sun hayayyafa. Da bara ne, da ta yi tsallen murna. Yau kuwa wayarta ce ke ta ruri a aljihun farar rigarta, kuma ta san yayanta ne.

"Auta, Umma ta ce ba inda za ta."

Santsi ne ya kwashi Umma a banɗaki, ta karye a ƙugu. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, in aka ja lokaci kuma ba za ta sake takawa ba. Umma ta ƙi ƙememe. Ina dalili, tana da 'yar da ke haɗa maganin ƙashi da ganye? Ai duk layinsu ba wanda bai sha wannan labari ba, har mai gyaran famfo ya haddace shi.

Da yamma Auta ta zauna a bakin gadon, ta sake bayanin da ta gaji da yi.

"Umma, a faranti kawai yake aiki. Ko ɓera ba mu gwada wa ba tukuna. In kika sha zai iya taɓa miki ƙoda."

"Wato faranti ya fi ni daraja."

"Ba haka ba ne, Umma."

"Haka ne mana, Dakta. Na kai ki makaranta ki warkar da kwanuka." Ta juyar da fuska bango. "In na sha naki ban ga sauƙi ba, ku kai ni su yanka. Kafin nan, ko da sarƙa ba mai fitar da ni."

Yaya ya ja Auta zuwa kicin, ya rage murya. "Ki kawo mata wani abu mana, kowane iri. Ta sha, ta ga bai yi ba, mu wuce asibiti. Ke ma kin san halinta."

Ta sani kuwa. Washegari ta dafa shayi ba sukari, ta bari ya huce, ta ɗura shi a sabuwar kwalba irin ta ɗakin gwaji. Launin bai bar komai ba. Lokacin da take cika cokalin kunya ta ishe ta, amma ta daure. Umma ta yi bismillah ta haɗiye, ta yamutsa fuska.

"Ɗaci. Haka magani na gaske yake."

Abin da ba su lissafa ba shi ne Umma za ta ji sauƙi. Ta fara cin abinci, barci ya dawo, har tsokanar jikoki ta koma yi. Auta ce kaɗai ke ɗaga bargo ta duba. Ƙafar tana nan yadda take, ta fi 'yar'uwarta gajarta, tafin ya juya waje. Kullum ta yi niyyar faɗin gaskiya, sai ta tarar da Umma tana murmushin da rabonta da shi tun ranar faɗuwar, sai ta fasa.

Ranar da likita ya sa, Yaya ya kira mota tun da safe. Auta ta shiga ɗakin da jakar kayan asibiti, ta iske shi cike da maƙwabta. An jingina Umma da filo, ta sha ɗaurin ɗankwali, kwalbar na kan cinyarta tana shafa ta.

"Ga ta nan," in ji Umma. "Ku dube ta da kyau. Likitoci sun ce sai wuƙa, 'yata ta ce a'a." Ta dubi Yaya. "Je ka sallami mai motar nan, kada ya ɓata lokacinsa."

"Umma, kin yi alkawari," in ji Auta, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na ce in ban ga sauƙi ba. To na gani." Ta kamo hannunta ta matse, idanunta sun ciko. "Allah ya yi miki albarka. Ban haife ki a banza ba."

Matan suka amsa da amin. Auta ta nemi idon Yaya, Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. A waje direba ya danna oda, ya sake dannawa.

Auta ta buɗe baki za ta yi magana. Umma ta miƙo mata cokali.