Giwar Bayan Tashar Jirgi

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ta. Mai Ɗinki tana kan keken ɗinki a ɗan shagonta, tana kashe bakin labulen wata mata, sai wayarta ta yi ƙara a cikin gwangwanin maɓallai. Ta ɗauka da hannun hagu, ƙafarta ba ta daina taka keken ba.

"Maman Nas, sai haƙuri," in ji muryar. "Nas ta cika. Yanzun nan, a hannuna."

Malama ce, uwar mijin 'yarta. Nas kuwa ita ce 'yar Mai Ɗinki tilo, ma'aikaciyar jinya, shi ya sa kowa yake kiranta haka har sunan ya bi ta. Kwana uku kacal ta yi tana zazzaɓi. Ana gobe za ta rasu ma sun yi waya, ta ce, "Inna, kada ki taso, na ji sauƙi." Ba ta taso ba.

Ta yi kuka har idonta ya ƙafe. Amma bayan an share makoki, abin da ya tsaya mata a wuya shi ne wannan "a hannuna". Ita ta haifa, ita ta goya, ita ta yi ta ɗinki har bayanta ya ranƙwafa don yarinyar ta yi karatu, amma a hannun wata ta cika.

Nas ta bar 'ya ɗaya mai shekara bakwai. Ɗigo ake ce mata, don da aka haife ta ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ubanta injiniya ne, kullum yana wurin aiki, saboda haka Malama ta tattaro kayanta ta dawo gidan. Ita take yi wa Ɗigo kitso, ita take duba mata aikin makaranta, don shekara talatin ta yi tana koyarwa kafin ta yi ritaya. Mai Ɗinki tana wani gari, tafiyar awa huɗu a mota. Idan ta kira waya sai ta ji Malama tana cewa, "Zo ki gaida kakarki." Sai yarinyar ta ce, "Wace? Kaka ta can?"

Malama ita ce Kaka. Ita kuwa Kaka ta can. Tana ji tana gani yarinyar tana zame mata, kuma ba ta da wani abin da ya rage na Nas sai ita.

Wata biyar da rasuwar, Injiniya ya kira ta. Ya ce marigayiya ta yi wa Ɗigo alkawarin kai ta gidan namun daji idan an yi hutu, yarinyar kuma ta hana kowa sakat. Ya sami kwana biyu a wurin aiki. Inna za ta zo a tafi tare?

Kwana uku ta yi tana ɗinka wa Ɗigo riga mai aljihu biyu, ruwan ganye, sannan ta hau mota.

Ta tarar da su a falo. An sake wa kujeru wuri, an cire labulen da ta ɗinka wa Nas an sa wani na kanti. Duk ta gani. Ɗigo ta gaishe ta daga bakin ƙofa, ta karɓi rigar ta kai wa Malama ta duba.

"Kai, Maman Nas, hannunki bai tsufa ba," in ji Malama. "Sai dai ta ɗan yi mata gajarta. Ta yi tsawo fa tun rabonki da ita."

"Na bar kalmasa a ƙasa. Ba yau na fara ɗinki ba."

Malama ta sa tabarau ta ɗauko wata takarda da ta ja wa layi da rula. Gidajen namun daji uku ne kusa da su, ta ce, kwana biyu kuma ba zai ɗauki ukun ba, sai a zaɓi biyu. Akwai na cikin gari, minti ashirin, ƙarami ne amma tsaf yake, da tsuntsaye da birai da lilo. Akwai sabo na ƙetaren gada, awa biyu, shi ne mai zaki da raƙumin dawa. Sai tsohon nan na bayan tashar jirgin ƙasa, awa ɗaya da rabi ta wata hanyar daban.

"Ni a ganina, gobe mu yi na cikin gari, jibi mu yi sabon," in ji ta. Ta miƙo takardar. "Duba ki gani."

Mai Ɗinki ta karɓa. Aji uku ta yi a makaranta. Tana gane lambobi, don da su take awo, amma wannan rubutu mai haɗe-haɗe sai ya yi mata kamar zaren da ya harɗe. Ta riƙe takardar na ɗan lokaci don kada a gane, kunnuwanta suna zafi. Sai ta ajiye.

"Na bayan tasha za mu fara."

"Amma Maman Nas, wancan ɗin…"

"Wancan ɗin na san shi, ba a takarda ba. Da ƙafata na kai Nas tana kamar wannan. Akwai giwa a can, ƙatuwa, tana karɓar rake a hannun mutum. Ɗigo, kin taɓa ganin giwa?"

Yarinyar ta zaro ido. "Ta gaske?"

"Ta gaske mana. Kunnenta ɗaya ya fi tabarmar nan. A cikin takardar kakarki akwai giwa?"

Ɗigo ta baro gefen Malama ta zo ta dafa gwiwarta. Rabon da ta taɓa ta tun ranar makoki. Malama ta buɗe baki, ta dubi ɗanta, ta rufe. Ta ninke takardar ta sa a jaka. Mai Ɗinki ta ji wani sanyi a ranta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Washegari a mota Ɗigo a jikinta ta zauna, cikin rigar ruwan ganye, an saki kalmasar. Sun tsaya a hanya ta sayi rake sanda biyu. Duk tafiyar labarin giwa ake yi, Malama tana gaba tana kallon titi.

Tun daga ƙofa gaban Mai Ɗinki ya faɗi. Fentin zakin da ke jikin bango ya koɗe, saura jela da ƙafa ɗaya. Babu layi, babu masu sayar da balan-balan. Suka wuce keji uku babu komai a ciki sai busasshen ganye. A na huɗu wani biri yana zaune ya juya musu baya. Jimina ɗaya tana zagaye, wuyanta duk ya tsige. Mai Ɗinki ta ja hannun yarinyar da sauri, ta bi hanyar da ƙafarta ta tuna, ta bayan tankin ruwa.

Filin yana nan, da ramin da aka zagaye shi da shi, da ƙaton turken ƙarfe. Ciyawa ta kai ƙugu.

Wani tsoho mai kula da dabbobi ya taho da bokiti. Ya dubi raken, ya dube su.

"Baiwar Allah, giwa kuke nema? Ai ta shekara tara da mutuwa. Ku ne dai ba ku zo gaisuwa ba."

Babu wanda ya yi dariya. Ɗigo ta dubi filin, ta dubi Mai Ɗinki.

"Kin ce ta gaske ce."

"Da akwai ta, uwata, wallahi da akwai…"

Yarinyar ta saki raken, ta ruga ta cusa fuskarta a jikin Malama. Malama ta rungume ta tana shafa kitson da ita ta yi. Mai Ɗinki ta tsaya da sandar rake a hannu kamar mai gadi. Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Shekara talatin ke nan, ita kuwa ta ɗauka jiya ne.

Injiniya ya ɗauki 'yarsa ya ce su je su ga kada. Matan biyu suka zauna a wani benci na siminti, kowa a ƙarshensa.

"Kin sani," in ji Mai Ɗinki. "Kin sani kika bar ni na zubar da mutuncina a gaban yarinya."

"Na fara faɗa kika tare ni."

"Da kin ƙarasa mana! Bakinki ciwo yake?"

Malama ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Bara ni da Nas mun biyo ta nan, za mu dubo wata mara lafiya. Ta ce mu leƙa. Da ta ga filin nan ta yi kuka sosai. Ta ce, 'Mama, kada ki gaya wa Inna. Duk ranar da muka zauna sai ta yi zancen giwar nan, ki bar mata abarta.' To jiya na rasa wadda zan bi, ke ko ita."

Mai Ɗinki ta dubi filin. Ashe har nan sun zo tare. Ashe 'yarta ta yi kuka a nan, wata ce ta lallashe ta. Ashe suna da maganar da suka ɓoye mata, su biyu, ko da don tausayinta ne. Ta rasa abin da ya fi yi mata ciwo. Hawaye suka zubo, ta juya kai don kada Malama ta gani.

"Mama take ce miki," ta ce da ƙyar.

"Ke kuma Inna. Ko a ranar, ke take kira."

Mai Ɗinki ta goge ido da bayan hannu. Tana so ta yarda, tana kuma jin haushin cewa daga wannan bakin za ta ji.

Sai ga Ɗigo ta dawo tana jan hanci, ta ce wai akwai wani dutse mai tafiya. Suka bi ta. A wani ɗan shinge gefen famfo, wani ƙaton kunkuru yana jan jiki, bayansa ya kai faɗin kwanon wanki, da wata tsaga a gefe ɗaya. Mai Ɗinki ta dafa shingen.

"Malam, wannan tun yaushe yake nan?"

"Wannan? Ya riga ni zuwa, kuma da alama shi zai raka ni," in ji tsohon.

Dariya ta ƙwace mata, hawaye ba su bushe ba. "Shi ne! Ga tsagar nan. Ɗigo, wannan ɗan banzan ya ci rigar uwarki."

"Ya ci riga?"

"Bari in gaya miki gaskiya. Uwarki ba ta ko kalli giwa ba. Tana ganin hancin nan ya miƙo ta ƙwala ihu, ta jiƙa wandonta sharkaf, ta shige bayana. Nan na kawo ta ta huce. Ta tsuguna tana yi masa surutu, shi kuwa ya kama bakin rigarta, sabuwa fil, mai zanen ganye, ya ɗauka abinci ne. Tana ja yana ja. Na dawo gida da yarinya rabin riga."

"Mamana ta yi fitsari a wando?" Ɗigo ta rufe baki da hannu biyu. "Kaka, kin ji?"

"Ban taɓa ji ba," in ji Malama. "Ni da girmanta na san ta."

Mai Ɗinki ta dube ta. Wannan karon ba da gatse ta faɗa ba.

"Sai me ya faru?" in ji Ɗigo. "Kin dake ta?"

Sun fi awa a gaban kunkurun. Tsohon ya kawo ganyen kabeji ya ba yarinyar ta miƙa masa, tana riƙe da bakin rigarta gam da ɗaya hannun.

Kashegari suka je sabon na ƙetaren gada. Malama ta yi gaskiya, wurin ya haɗu, ga zaki ga raƙumin dawa, kuma ita ta riƙa karanta wa yarinyar allunan da ke jikin keji. Mai Ɗinki tana biye da su da jakar ruwa. Amma a gaban kowace dabba sai Ɗigo ta waiwayo. "Mamana tana tsoron wannan?"

Da za a rabu a tashar mota Mai Ɗinki ta yi ƙarfin hali. "Ki biyo ni mana ki ƙarasa hutun a wurina. Labarin uwarki cike da buhu."

Ɗigo ta kama hannun Malama. "A'a. Wa zai yi mini kitso? Ki dai ba ni wani labarin gobe."

Mai Ɗinki ta ɗauki jakarta. Injiniya ya karɓi wayarta ya nuna mata inda za ta danna ta riƙe, ta yi magana, ta saki, saƙon murya ya tafi. Ya ce shi ba ya yini a gida, sai dai ta riƙa turawa ta wayar Mama.

"Ta wayar wa?"

"Ta Mama, Inna. Ita ce ke tare da ita."

Yau shekara biyu ke nan. Ɗigo ta zo mata hutu sau ɗaya, kwana huɗu, ta koma. Har yanzu idan Mai Ɗinki ta ji muryar Malama a bayan ta yarinyar tana cewa a sa takalmi, wani abu yakan soke ta a ƙirji, ba ta kuma ɓoye wa kanta. Amma kowace safiya, idan ta buɗe shago ta share, kafin ta zare ƙyallen da ke kan keke, takan zauna ta danna wurin nan ta riƙe. Ranar da Nas ta haɗiye maɓalli. Ranar da ta yi wa kyanwar maƙwabta allura da tsinke. Ta san wa ke fara saurara, don wani lokaci dariyar babba ce take fara dawo mata. Shi ya sa kullum da abu ɗaya take farawa:

"Da Ɗigo nake. A miƙa mata."