Gamanar Tani

Ku yi mini afuwa, ku da kuka san rubutu. Ban taɓa rubuta labari ba. Abin ne ya ƙi barin raina.

A wani ƙauye kusa da Bambeye, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, an yi wata mata mai suna Tani. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da gamana guda, wato 'yar gonar da gida ke yanka wa mace ta noma abinta. Gamanar a gangaren dutse take, bakin kwazazzabo. Kowace damina sai ruwa ya yagi taki biyu ko uku na faɗin gonar ya tafi da su, har tsakuwa ta fara leƙowa.

Wata rana malamin gona Attaher ya zo daga Tawa, ya tara maza. Ya ce mai gona a gangare ya bar hatsi damina biyu, ya shuka wake mai yaɗo kusa da kusa ya rufe ƙasa. A tsinke 'ya'yan, amma kada a tuge harawa. Maza suka yi dariya suka watse. Tani kuwa daga bayan darni ta ji, ta kuma yarda.

Damina biyu tana haka. Ta kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, tana yi wa mutane daka don su samu na tuwo. Manzo, ƙanen mijinta, in ya biyo sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Matar yaya, wagga shimfiɗa hwa? Wane ango kike jira?"

Sai ta yi murmushi, tunda wasa ne tsakaninsu. Ba ta lura da yadda yake tona ƙasar da ɗan yatsan ƙafa ba. Ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi, kwazazzabo ya tsaya inda yake.

Bazara ta uku, har ta tanadi irin hatsi, sai aka kira ta ƙofar maigari.

Manzo ya ce, "Ranka shi daɗe, damina biyu ko zangarniya guda ba ta hito wurin ga ba. Gonar da ba hatsi saura ce, saura kuwa gida take komawa."

"Wake na shuka, ranka shi daɗe," in ji Tani.

Maigari ya ce, "Wake ai ratsi ne cikin hatsi, ɗiyata. Wa ya taɓa cika rumbu da damen wake?"

Dattawa suka kwashe da dariya.

"Malamin gona ya ce..."

"Ina shi?" in ji maigari.

An daɗe da yi masa canjin wurin aiki. Nan take aka ba Manzo gamanar.

Bayan kwana uku Manzo ya aiko: ragunansa na jin yunwa, yana neman matan da za su kwashe masa harawa, ladan kowacce tiyar hatsi, wato kwanon awo guda, a wuni. Tani ta dubi 'ya'yanta, ta ɗaura gyauto ta tafi.

Da hannunta ta janye ƙayar. Da hannunta ta riƙa tuge waken, saiwar na fitowa da baƙar ƙasa. Manzo ya damƙi ƙasar ya sunsuna.

"Kai! Allah dai ke gyaran abinai. Yi sauri, matar yaya, ga hadari can."

Kafin la'asar gangaren ya koma tsirara. Ruwan fari ya sauko da ƙarfi. Tani ta ga ɗan zaren ruwa ya taso daga dutse, ya yi kauri, ya yi baƙi, ya nufi kwazazzabo. Ta ji bakin gonar ya rufta.

Manzo bai ko waiwaya ba. Ihu yake yi a lulluɓe harawa kada ta jiƙe. Kowa na guje-guje, Tani ta saki damen da ke hannunta, ta bi gefen ƙaya ta sulale, ko tiyar ba ta karɓa ba.

Ni ma bari in ajiye alƙalami in zame, kafin a gane ni 'yar gidan wa ce.