Tokar Idwal

Tun da aka ƙona gawar Idwal, tokarsa take zaune cikin gwangwanin biskit a saman kabad ɗin matarsa Menna, tana jiran jirgin ƙasa. Haka al'adar siririn layin dogon nan na duwatsun Wales take. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a layin, in ya mutu, sai a kwashi tokarsa da shebur a watsa cikin wutar kan jirgi daidai hawan dutse, a busa usur, ya fita tare da hayaƙi. Idwal kuwa, mai zuba kwal ne, ga taurin kai har kan gadon mutuwa. Ya ce shi ba kowane jirgi ba, sai sabon da suke ƙerawa, kwafin wani tsohon mai tururi da aka yanka aka sayar da ƙarfensa tun yana goye. Ya damƙe hannun Menna sai da ta yi alkawari.

Kai, jira dai ta sha shi! Maƙeran 'yan sa-kai ne, tsofaffi, sai Asabar suke taɓa guduma, rabin yinin ma a shan shayi da gardamar launin fenti yake tafiya. Biyu daga cikinsu suka mutu aikin bai ƙare ba. Gwiwoyin Menna suka ƙi ta, har 'yarta ta samo mata ɗaki a gidan tsofaffi can Ingila, za a zo ɗaukarta ran Litinin. Ran Asabar ɗin kafin nan aka fito da jirgin.

Ana yayyafi, jirgin kore shar, yana huci. Tegid direba, wanda Idwal ya koya wa riƙon shebur, shi ya tallafe ta ya hau da ita wurin tuƙi. Ta duba dama, ta duba hagu. Ba kwal, ba shebur. Ƙofar murhun an ɗaure ta tamau da ƙusoshi.

“Tegid, ina kwal?”

Ya sosa ƙeya. “Anti Menna, an rufe mahaƙar kwal. Masu daji kuma sun ce tartsatsi na ƙona musu itatuwa. Kwamiti ya yanke jirgin mai zai sha.”

“Mai! Sai ka ce kaskon suyar dankali? Duk yawanku ba namijin da zai tako ya gaya mini?”

“Kowa jira yake wani ya faɗa.”

“Matsorata. To ta ina Idwal zai shiga?”

Ya nuna mata wata 'yar kafa a jikin ƙofar, ba ta fi bakin kofi ba. Ta nan suke zuba yashi da ludayi in jirgi na hawa, wutar ta zuƙe shi ya kankare kunkunniyar bututu.

“Wato mijina ne yashin yau,” in ji ta. Ta miƙa hannu. “Ba ni ludayin.”

Da suka kama hawan, jirgin ya soma nishi, Tegid ya buɗe kafar. Ta ɗebo, ta kara, wutar ta zuƙe fuu. Jirgin na jijjiga, wata tokar ta shiga, wata ta zube kan takalmanta. Hayaƙi ya turnuƙe baƙi ƙirin, fasinjoji a baya suka hau rufe tagogi suna tari. Idwal fa ke nan, mutumin da duk rayuwarsa yake taƙama da farin hayaƙi. Tana kuka tana ɗiba, tana zaginsa ƙasa-ƙasa.

Sai ƙasa ta miƙe, hawan ya ƙare, nishin jirgin ya lafa. Tegid ya yi maza ya rufe kafar.

“Buɗe! Saura rabi.”

“Murhun ba ya zuƙa yanzu, Anti. In na buɗe, a fuska zai huro miki shi.” Ya kawar da kai. “Wata Asabar ɗin sai mu ƙarasa.”

Ba ta tuna masa da Litinin ba, ya sani. Ta mai da murfin gwangwanin, ta rungume shi a ƙirji. Tegid ya cire hula, ya kai hannu kan igiyar usur.

“Kar ka busa,” Menna ta ce. “Bai gama fita ba.”