Kwamin Albarruza

Illa ya datse igiyar ƙarfen da ta ɗaure akwatin ƙarshe, katakon ya wangale, sai ya tsaya cak da almakashi a hannu.

Kwami ne na dutse, irin wanda ake shayar da tumaki a ciki, tsawonsa ya kai na mutum a kwance. Bakinsa na hagu a ɓalle yake, ga wani ɗan rami a gefe wanda yatsa ke shiga.

"Yalla, Illa! Me ka tsaya kallo?" in ji Abdul-Mumuni, shugaban leburorin siton, mutumin Zangon Kumasi mai yawan barkwanci. "Dutse ne fa, chale, ba amarya ba."

Sana'ar kamfanin ke nan a nan Dubai Investments Park: su sayo tsofaffin ƙofofi da duwatsu daga ƙauyukan Turai da suka mutu, su sayar wa masu kuɗin da ke son gidan da aka gina jiya ya yi kama da na kaka da kakanni. Illa ya sauke irin wannan kaya ba adadi, bai taɓa tambayar daga ina suke ba. Yau ya zura yatsansa a ramin nan, sai ya tabbatar ya san wannan kwamin.

Shekarun baya, shi da ƙanensa Yacouba sun baro Tahoua, sun haye teku, sun ƙare da kiwon tumaki a Albarruza, wani ɗan ƙauye a kan tudu a ƙasar Sifaniya. Mutum ɗaya ya rage a garin, tsoho Anselmo, mai tumakin. Da yake ba shi da abokin hira, duk sanda aka zo shayarwa sai ya zauna a bakin kwamin ya kwance musu tarihi, ko sun so ko ba su so ba.

Rumawa ne suka sassaƙa kwamin, in ji shi, lokacin da hanyar sojojinsu ta bi ta nan. Bayansu Musulmi suka zo, suka jawo ruwa daga dutse, suka dasa ɓaure, suka ba garin suna. Aka kore su, aka ɗora coci a kan harsashin masallacinsu. Annoba ta cinye rabin gari, sauran suka sake hayayyafa. Ramin nan kuwa harsashi ne na yaƙin basasa, ranar da aka jera mazan gari a jikin bango, har da baffansa. Garin ya sha duk wannan ya miƙe. Abin da ya kashe shi motar haya ce, wadda ta riƙa kwashe samari zuwa birni ɗaya bayan ɗaya, ba ta dawo da kowa ba.

A sanyin shekararsu ta biyu ciwon ƙirji ya kama Yacouba. Ba su da takarda, suka ji tsoron asibiti, suka yi ta jira ya warware. Bai warware ba, har ya rasu. Anselmo ya nuna wa Illa fili a bayan kwamin, inda aka ce nan Musulmin dā suke kwance. Bayan an rufe, tsohon ya kawo falalen dutse da kurfi, zai sassaƙa suna. Illa ya hana. A garinsu ba a rubuta suna a kabari, ƙasa ce kawai, sai mai rai ya riƙe wurin a kansa.

"To yaya za ka gane shi in ka dawo?" tsohon ya tambaya.

Illa ya dafa kwamin. Abin da ke nan tun zamanin Rumawa, wa zai ɗaga shi?

Da Anselmo ya rasu aka sayar da tumakin, 'yan sanda suka kama Illa suka mayar da shi gida. Dubai ɗin nan ma don haka ya zo, ya tara takardun kirki ya nemi biza, ya koma ya tsaya a kan kabarin ƙanensa. Mahaifiyarsu Hannatou ba ta roƙe shi gida ko zinariya ba. Duk Juma'a in ta kira, tambayarta ɗaya: yana dai tuna wurin? Tana son ya yi addu'a a kansa, ya ɗebo mata ƙasar kabarin ko tafi ɗaya ne kafin ta mutu.

Abdul-Mumuni ya daina dariya da ya ga fuskarsa. Illa ya faɗa masa a taƙaice.

"Don Allah, patron, ka tambayo mini a ofis. Wataƙila kwamin kaɗai suka ɗauko. In bangon coci na nan, ko ɓauren, zan gane."

"Shwaiya, dakata kaɗan, ina zuwa."

Bai daɗe ba ya dawo, yana tafe a hankali, ba irin tafiyarsa ba. Ya miƙo waya. Dillalin da ya sayo musu kwamin a can ya turo hotuna, na kafin aiki da na bayansa. A na farko ga cocin, ga ɓauren, ga kwamin. A na biyu an baje tudun, an jera faifan sola baƙaƙe daga nan har ƙarshen gani, layi bayan layi, kowanne kamar ɗan'uwansa. Illa ya buɗa hoton da yatsu yana neman ko da kututture. Babu komai.

"Wani kamfanin wuta ya saye garin duka," in ji Abdul-Mumuni. "Khalas, shi ke nan, ɗan'uwa. Ka yi haƙuri." Ya nuna kwamin. "An riga an sayar da shi. Wani gida a bakin teku, furanni za su zuba a ciki. An ce a wanke shi kafin la'asar. Bari in sa wani."

"A'a. Ni zan wanke."

Kafin ya kunna ruwa ya durƙusa, ya sa wuƙa yana kankare busasshiyar jar ƙasar da ta maƙale a gindin dutsen, yana tarawa a ledar burodinsa. Ba ta cika tafi ba. Ba ta kabarin ba ce ma, ta kusa da shi ce. Ya san ba injin rusau ne ya ɓatar da Yacouba ba, shi ne da bakinsa ya hana a sa suna.

Yana cikin wanki wayarsa ta yi ƙara. Ya kashe ruwa, ya goge hannu a wando.

"Illa, kun sauko Juma'a? Ya maganar papiers, takardun naka?"

"Ana nan ana jira, Inna."

"Allah ya kawo sauƙi. Kana dai tuna wurin?"

Ya dubi kwamin, ya yi fes, ruwa na ɗiga daga ramin harsashin.

"Inna," ya ce, "ki samu wuri ki zauna. Akwai wani kusa da ke?"