Jan Zaren Phoolmati

Maki biyu kacal suka hana Mandakini Dube zama alƙaliya. Maki biyu! Ga shi ta cika shekara talatin da biyar, wadda daga ita ba a sake barin mutum ya zauna jarrabawar ɗaukar alƙalai. Kwana uku ta yi tana kuka, a na huɗu mahaifinta Harishankar ya gaji. Shekararsa talatin yana buga wa mutane takardun ƙara da tsohuwar tafireta a gindin darbejiyar ƙofar kotu, don haka a wurinsa babu ciwon da takarda ba ta magani.

"Kukan ya isa haka, 'yata. Nemi kwafin amsoshinki, doka ta ba ki dama."

Da kwafin ya iso sai ga abin takaici. An duba littafin amsa na farko tsaf, amma na biyu, wanda ta karɓa bayan na farkon ya cika, ko kallonsa ba a yi ba. An dai buga masa hatimi cewa yana ɗauke da alamar da za ta bayyana mai shi.

Nan take ta tuna. Ƙa'ida ce a ɗaure littafin ƙari da farin zaren da mai tsaron jarrabawa ke rabawa. Ran nan zaren ya ƙare kafin a zo kanta, ga lokaci ya kusa cika, sai ta tsinke jan zaren da mahaifiyarta Phoolmati ta ɗaura mata a hannu a wurin ibada, ta haɗe littattafan da shi.

"Kin gani ko, Mama? Zaren sa'arki ne ya kai ni ƙasa."

"Kul!" in ji Phoolmati, tana juya jalebi, wani abin zaƙi mai kama da alkaki, a cikin mai. "Wa ya ce ki cire shi daga inda aka sa shi? Bai gama aikinsa ba tukuna."

Harishankar ya buga takardar ƙarar da kansa, sau uku yana sakewa kafin ta yi masa. Da yake Mandakini lauya ce, ita ta tsaya wa kanta a babbar kotun jiha.

Lauyan hukumar jarrabawa, wani mai tumbi da ake kira Saxena, irin mutanen nan ne da ba sa iya magana sai da hannu. Ya ce kotu ba ta sake duba amsar kowa, in ba haka ba duk wanda ya faɗi zai kwaso takardunsa ya zo.

"Ni ban ce a sake dubawa ba, ya mai shari'a," in ji Mandakini. "A fara dubawa na ce."

"Jan zare fa, ya mai shari'a!" Saxena ya ɗaga hannu sama. "Duk mai dubawar da ya gan shi ya san takardar wane ce!"

Garin ɗaga hannun nan hannun baƙar rigarsa ya zame har gwiwar hannu. Mandakini ta ƙura wa wurin ido, dariya ta kusa kuɓuce mata.

"Ya mai shari'a, ina roƙon abokin aikina ya bar hannunsa yadda yake."

Ga jan zare nan ya naɗe wuyan hannun Saxena, har ya koɗe don wanka. Alƙalin, wani dattijo mai ɗan tabarau a kan hanci, ya ce duk mai irin zaren nan a ɗakin ya ɗaga hannu. Magatakarda ya ɗaga, ɗan sandan bakin ƙofa ya ɗaga, lauyoyi fiye da goma suka ɗaga. Can sai dattijon ya ja hannun tasa rigar, ya leƙa, ya yi gyaran murya.

"Malam Saxena, a cikinmu nan takardar ta wane ce?"

Kotu ta kwashe da dariya. Alƙalin ya ba hukumar mako shida ta duba littafin, ya kuma ba ta shawarar ta ƙara sayen farin zare. Littafin ya ci maki goma sha tara.

Phoolmati ba ta bar unguwa ta huta ba, gida-gida ta bi da jalebi tana ba da labarin zarenta. Ranar rantsuwa ta ɗaura wa Mandakini sabo, ƙulli bakwai, ta ce ko da an sa mata wuƙa kada ta kuskura ta cire shi.

Harishankar kuwa ya ƙi zuwa da wuri, wai yana da aiki. Da Mandakini ta iso ƙofar kotu ta hango shi a gindin darbejiyarsa. Ya miƙe daga kan tafireta, ya haɗa tafin hannu kamar yadda ya saba yi wa kowane alƙali shekara talatin, ba tare da ko ɗaya ya waiwayo ba.

"Ranki ya daɗe," ya ce.

Tausayi da daɗi suka cika ta. Ta sunkuya ta taɓa ƙafafunsa a gaban kowa, sannan ta kama hannunsa mai tabon tawada.

"Rufe tafiretar nan, Baba. Yau ta ƙofar alƙalai za ka shiga."