Filogi na Huɗu

Ƙungiyar masu casar shinkafa da ke da ofishi a Yelwa ta daɗe tana dogaro da kwamfuta guda wajen karɓa da aika saƙonninta na imel. Duk ranar da zafi ya kwantar da ita, sai odar 'yan kasuwar kudu ta maƙale a hanya, wakilan Shanga da na Wara su yi ta bugo waya suna faɗa. Da abin ya ishi kowa, Jamila, sakatariyar ƙungiyar, ta miƙe gaban shugabanni ta nemi a ba ƙanenta Maliki aikin gyara. Ta ƙara da cewa in ya gaza, ita za a tuhuma.

Maliki ya jera manyan kwamfutoci uku, irin waɗanda ake kira saba, a kan kanta. Babu wadda ke riƙe saƙo a cikinta. Duk abin da ya shigo, sai su tura shi ta waya zuwa wani ɗan akwati na huɗu da ke ƙasan kantar, wanda shi ne rumbunsu su duka. Saboda haka in ɗaya ta mutu, sauran su ci gaba da ɗiba daga rumbun. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne hana biyu su sa hannu cikin saƙonnin mutum ɗaya a lokaci guda, don hakan na yamutsa su. Da ya shawo kan wannan, sai ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji irinsa ba. Yakan zauna bakin taga yana cin gasasshen kifi, yana sauraren fankokinsu, yana kallon jirage na tsallakawa da buhuna.

Cikin wannan daɗin ne baki ya ƙwace masa. Ya ce wa Alhaji Magaji, shugaban ƙungiyar, ranar gwaji ya zare filogin duk wadda ya ga dama, saƙo ba zai tsaya ba.

Ranar ta zo, shugabanni suka cika ɗakin da hantsi. Alhaji Magaji ya naɗe hannun riga, ya wuce manyan nan uku yana taɓa su kamar mai tayin shanu, sannan ya duƙa ya kama wayar ɗan akwatin.

"Wanga ƙaramin zan fara da shi," in ji shi. "Shi ya fi kama da mara lafiya."

Maliki ya san akwai batir tsakanin akwatin da bango. In ya yi shiru, Alhaji zai zare, batirin ya riƙe na ɗan lokaci, saƙo ya wuce, a tafa, a mayar da filogi. Babu wanda zai gane. Amma mutanen nan za su watse da imanin cewa babu abin da zai iya tsayar da su, alhali duk arzikinsu na cikin akwati ɗaya. Ya dubi Jamila, ta yi masa murmushi.

"Alhaji, dakata. Ban da wannan."

"A'a! Ba kai ka ce kowacce ba?"

"Ni na ce, kuma na yi ƙari. Ukun can kowacce na iya mutuwa. Wanga shi ne rumbu. In ya tsaya, duk sun tsaya."

Jamila ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Alhaji ya miƙe a hankali, hannu a kan ƙugu.

"Wato dogarai uku ka ɗauko mana, sarki ko ga shi ƙasa kusa da tsintsiya."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, sauran suka bi.

"To, mi ke maganin abin?" in ji Alhaji.

"A samo masa ɗan'uwa, a ajiye Wara, kullum yana kwafar abin da ke cikin wanga."

Alhaji ya juya ya fizge filogin sabar tsakiya, fankarta ta yi shiru. Ya sa Jamila ta kira wakilin Shanga ya turo saƙo. Kafin ta aje waya, saƙon ya bayyana a allo. Ya fizge na biyu, aka sake turowa, shi ma ya shigo.

"Aikin ya yi," in ji Alhaji. "Na Wara sai bayan girbi. Yau dai a ɗaga shi daga ƙasa, a sa wa ɗakin kwaɗo. Kai kuma, injiniya, ka rage gishiri."

Da mutane suka fita, Jamila ta tsaya bakin ƙofa.

"Ka tsinka mani hanji, Maliki."

"Yi haƙuri, Yaya."

"Haƙurin mi? Zo ka kama akwatin nan, ni ba ni iya ɗaga sarkinku ni kaɗai."